Baba ya daina barcin dare, mun fara ba shi ƙwaya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu shekararsa 74, tsohon malamin makaranta ne. Tun da Innarmu ta rasu bara barcinsa ya lalace. Da an idar da Magariba zai zauna a kujera ya kama gyangyaɗi, da ƙyar ake tashinsa ya yi Isha'i. Ƙarfe 9 ya kwanta, amma ƙarfe 2 na dare ya farka ke nan, sai a ji shi yana murɗa rediyo, yana zaryar banɗaki sau uku ko huɗu. Da rana kuma yana komawa barci bayan Asuba, ya ƙara bayan Azahar. Yana shan maganin hawan jini, kuma ba ya rabo da goro da shayi. Wata biyu da suka wuce Yayanmu ya je kemis aka haɗa masa Valium da Piriton. Da farko sun yi aiki, yanzu sai ya sha bibbiyu. Makon jiya ya faɗi a hanyar banɗaki, goshinsa ya fashe. Wasu dangi na cewa tsufa ne kawai, wasu na cewa a nemo masa taimako na gargajiya. Don Allah akwai maganin barcin da ya fi waɗannan ƙarfi? Daga wata 'yarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan kulawar da kuke yi masa. Maganin da ya fi ƙarfi akwai shi, amma ba zan faɗa miki sunansa ba, domin a cikin duk abin da kika lissafa, ƙwayoyin nan su ne suka fi tayar mini da hankali, sun fi rashin barcin kansa.

Valium, wanda sunansa na asali diazepam, ba ya saurin barin jikin tsoho. A jikin matashi rabinsa kan fita cikin kwana guda ko kusa da haka, amma a jikin wanda ya kai shekara 80 yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu. Ke nan wanda Baba ya sha daren jiya bai gama fita ba aka ɗora masa na yau, gobe a ƙara wani. Haka yake taruwa har mutum ya wuni cikin magagi, ƙafa ta daina riƙe shi sosai, tunani ya yi nauyi, ya fara mantuwar da a da ba ya yi. Piriton kuwa maganin mura da ƙaiƙayi ne, kasalar da yake sawa ce mutane suka mayar maganin barci. Ga tsoho yana busar da baki, yana kawo taurin bayan gida da ruɗewa, kuma ga namiji mai matsalar fitsari yana iya riƙe fitsarin gaba ɗaya har sai an kai shi asibiti an sa masa roba. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka tana da wani jeri na magungunan da ya kamata a nisanta wanda ya kai 65 da su, ana kiransa jerin Beers. An fara fitar da shi a 1991, an sabunta shi a 2023, kuma dangin Valium da dangin Piriton duk suna ciki. Babban dalilin shi ne abin da ya riga ya faru a gidanku: faɗuwa. Wannan karon goshi ne. Idan kwatangwalon tsoho ya karye, sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ya sake komawa yadda yake.

Amma ki ji ni da kyau a nan: kada ku tsayar masa da Valium rana ɗaya. Bayan wata biyu ana sha kullum jiki ya saba, kuma yankewa farat ɗaya na iya kawo karkarwa, firgita, rashin barci mai tsanani, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Saboda haka a cikin makon nan ku kai shi asibiti, ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ku tafi da su, har da na kemis da na gargajiya idan akwai, kada a ɓoye ko ɗaya don jin kunya. Ku gaya wa likitan ya bugu a kai. Jini na iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kan tsoho bayan faɗuwa, alamar ba ta bayyana sai bayan makonni. In kun ga ciwon kai da ya ƙi tafiya, ko amai, ko barcin da ya wuce ƙima, ko magana ta fara sarƙewa, ko wani ɓari na jiki ya yi sanyi, ba a jiran gari ya waye.

Yayanku ba mugunta ya yi ba. Ya ga mahaifinsa yana wahala ne ya nemo abin da hannunsa ya kai. Ki yi masa bayani ta sigar da ba zai ji an ɗora masa laifi ba, domin za ku buƙace shi a wannan aikin, musamman ranar da Baba zai aika a sayo masa ƙwayar.

Yanzu mu zauna mu ƙirga barcin Baba da abin da kika rubuto. Gyangyaɗin Magariba zuwa Isha'i, mu ce awa ɗaya. Daga 9 zuwa 2, awa biyar. Bayan Asuba awa ɗaya, bayan Azahar wataƙila wata awar ko fiye. Kin ga mun kai awa takwas. Abin da masana barci suke ba wanda ya haura 65 shawara shi ne awa 7 zuwa 8. To Baba bai rasa barci ba, barcin ne ya tarwatse, ya ci wani kaso nasa tun kafin dare ya yi. Barci kamar yunwa yake: wanda ya wuni yana ɗan taɓa ƙosai nan, gyaɗa can, in aka kawo tuwon dare loma kaɗan zai yi ya tsame hannu. Tun daga lokacin da mutum ya farka da safe jiki ke tara buƙatar barci, kuma kowane gyangyaɗi yana rage abin da aka tara. Wanda ya fi ɓarna shi ne na bayan Magariba, don shi ya fi kusa da lokacin kwanciya.

Dangin da suka ce tsufa ne suna da rabin gaskiya. Shekaru na canza barci. Nannauyan barcin nan da za a yi ta buga ƙofa mutum bai ji ba yana raguwa, sai ya zama kukan zakara ko motsin akuya ya isa ya farkar da tsoho. Agogon jiki ma yana matsowa gaba, barci ya zo da wuri, farkawa ta zo da wuri. Wannan ba cuta ba ce. Inda ban yarda da su ba shi ne a ce tunda tsufa ne sai a naɗe hannu. Zarya banɗaki sau huɗu a dare ba tsufa kaɗai ba ne, kuma faɗuwa ba ta cikin abin da ake haƙuri da shi.

Fitsarin daren nan nake so likita ya bi diddiginsa. Ga namiji mai shekarun Baba, abu na farko da ake tunani shi ne kumburin furostet, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara wadda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. In ta girma sai ta matse hanyar, mafitsara ba ta juyewa duka, ba a jima ba ta sake cika. Alamarta ita ce fitsari ya riƙa jinkirin fitowa, ya zo ba ƙarfi, ya ƙare da ɗiga. Wannan magana ce da Baba ba zai yi da 'yarsa ba, don haka Yayanku ya raka shi, ko a bar shi shi kaɗai da likita namiji. Na biyu ciwon suga, wanda gwajin jini na 'yan mintuna zai nuna. Na uku maganin hawan jinin da yake sha. Wasu daga cikinsu, irin su Moduretic da Lasix, aikinsu ke nan su fitar da ruwa ta fitsari, kuma tsofaffi da yawa suna haɗiye su da dare saboda a lokacin suke tunawa. Ku tambayi likita ko za a mayar da shi safe. Kada ku daina ba shi, kada kuma ku canza da kanku. Sannan ki duba ƙafafunsa da yamma, ki danna saman idon sahu da yatsa. In wurin ya lotsa ya jima bai ciko ba, ruwa ne, kuma da ya kwanta ruwan zai koma cikin jini ya zama fitsari. In tare da wannan yana farkawa da haki, ko ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, zuciya ce ke neman a duba ta.

A gida kuma, ya sha ruwansa sosai da safe da rana, musamman a watannin zafi, sannan a rage daga bayan Magariba. Kofin shayi ko kwanon kunu mai yawa dab da kwanciya a matso da shi baya.

Sai goro. Na san irin zaman nan: tsoho ya ciro magogi daga aljihu, ya goga ɓarin goro a tafin hannu, ya watsa a baki, ya kora da shayi mai kauri, ana ta hira. Abin da ke cikin goro mai wartsake mutum shi ne kafeyin, wanda ke cikin Nescafe da ganyen shayi da baƙin lemon kwalba. Bayan kamar awa biyar rabinsa na nan cikin jini, a jikin tsoho ma yakan fi haka jimawa. Goron La'asar yana nan yana aiki ƙarfe 10 na dare. Ba lallai ya hana barcin zuwa ba, tunda ga shi Baba yana gyangyaɗi, amma yana sa barcin ya zama sama-sama, kuma yana ƙara fitsari. Ban ce a raba mai shekara 74 da goron da ya saba da shi tun yana saurayi ba. Ba zai yiwu ba, kuma rashin ladabi ne a je ana ƙwace masa. A roƙe shi ya ci abinsa daga safe zuwa Azahar, daga nan ya ajiye sai gobe. Da yamma a dafa masa citta da kanumfari ba tare da ganyen shayi ba. In maganar ta fito daga bakin likita ko wani amininsa, za ta fi shiga fiye da in ta fito daga bakin 'ya'yan da ya haifa.

Gyaran lokacin barcin shi ne aikin da zai fi cin haƙurinku, kuma shi ne maganin gaske. Tun 2016 ƙungiyar likitoci ta Amurka mai kula da cututtukan manya ta ce gyaran ɗabi'un barci da tunanin da ke tattare da shi shi ne abin da za a fara yi wa mai daɗaɗɗen rashin barci, kafin a yi zancen ƙwaya. A wajen Baba, fagen yaƙin shi ne tsakanin Magariba da Isha'i. Kada a bar shi shi kaɗai a kujera mai laushi cikin duhu-duhu. In yana iya zuwa masallaci, ya zauna can har a yi Isha'i. In a gida yake, a kunna fitila mai haske sosai, a kawo masa jikoki. Malamin makaranta ne fa, a ce ya duba musu aikin gida ko ya karɓi haddarsu, ba don a shagaltar da shi kawai ba, don ya iya, kuma yaran za su ƙaru. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin Isha'i, kuma wannan hujja ce da Baba zai karɓa da hannu biyu. Bayan Isha'i a ci abinci mara nauyi, a ɗan zauna da iyali, a riƙa jan lokacin kwanciyar da minti 15 duk bayan 'yan kwanaki har ya kai 10 ko 10 da rabi. Wanda ya kwanta a lokacin ya samu awa shida zuwa shida da rabi, farkawarsa ta faɗo kusa da kiran sallar farko.

Hasken rana na gyara agogon jiki, kuma ga mai saurin jin barci irin Baba hasken yamma ya fi amfani. Bayan La'asar, in rana ta yi sanyi, ya taka zuwa majalisa ko bakin titi ya dawo, da sanda da ɗan rakiya tunda bai jima da faɗuwa ba. Ƙailula ba laifi, amma ɗaya tak, bayan Azahar, kada ta wuce rabin awa, a tashe shi. Barcin bayan Asuba a yi ƙoƙarin barinsa, ko da kuwa daren bai yi daɗi ba. Kwanakin farko zai ji jiki, zai yi faɗa, ku daure.

In ya farka tsakar dare barci ya ƙi dawowa, kada ya yi ta juyi a gado yana duba agogo yana lissafin awannin da suka rage. Wannan fargabar ita kanta tana korar barci, har mutum ya zama da ya ga gadonsa gabansa ya faɗi. In ya kai kamar minti 20, ya tashi ya koma kan darduma ko kujera, da haske kaɗan, ya ja carbi ko ya saurari karatu a hankali, in ido ya yi nauyi ya koma. Labarai da muhawarar siyasa a rediyo ba na wannan lokacin ba ne. Azkar ɗin kwanciya kuwa, Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya riƙe su, suna kwantar da zuciya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka da sunan maganin barci, don ba ku san me aka zuba a ciki ba, ga shi kuma za su haɗu da ƙwayoyin da ke jikinsa.

Tun daren yau akwai abin da za ku iya yi. A ajiye masa fo ko bokiti mai murfi a ɗaki don kada ya riƙa ratsa tsakar gida cikin duhu. A bar ƙaramar fitila mai caji a kunne, tocila a gefen matashi. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, da buta, da wayar caji da ke kan hanya. In zai tashi ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, domin jinin tsoho mai shan maganin hawan jini yakan sauka in ya miƙe da sauri, jiri ya ɗebe shi. A ɗaura gidan sauro ta yadda ba zai harɗe masa ƙafa ba. Kuma wani jika ko ɗa namiji ya riƙa kwana a ɗakin.

Mai kwanan nan zai yi muku wani aikin: ya saurari barcin Baba. In yana munshari mai ƙarfi, sai ya yi tsit kamar numfashi ya tsaya, sannan ya fizgo shi da ƙara, wannan ciwo ne na toshewar hanyar iska a cikin barci. Yana tayar da hawan jini, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, yana ƙara fitsarin dare, kuma Valium na ƙara tsananta shi. A faɗa wa likita. Haka nan in ciwon gwiwa ko baya ne ke tashinsa, ko yana jin ƙafafunsa suna masa wani iri har sai ya motsa su, wanda wani lokaci ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ke kawowa, duk a faɗa. Kada a saba masa da diclofenac ko ibuprofen kullum don ciwon gaɓɓai, suna illa ga ciki da ƙoda, suna kuma tayar da hawan jini.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da kika wuce ta da sauri: tun da Innarku ta rasu. Mutumin da ya yi shekaru masu yawa yana jin motsin mutum ɗaya a kusa da shi, ita ke tashinsa, ita ke ce masa ya bar goron nan haka dare ya yi, yanzu ya farka ɗaki shiru. Iyayenmu maza ba sa cewa suna kewa. Za su ce Alhamdulillahi, sai haƙuri, su yi shiru, abin ya fito ta rashin barci da rashin cin abinci. Farkawa da tsakar dare a kasa komawa na daga cikin sanannun alamomin ciwon damuwa a wajen tsofaffi. Ki lura: ya rage cin abinci? Rigunansa sun yi masa yawa? Ya daina zuwa majalisa, ko ɗaurin aure, ko karanta littattafan da ya saba? Yana yawan cewa shi kam ya gaji, ko me ya rage masa? In haka ne ku gaya wa likita a fili. Ba raunin imani ba ne, ba kuma hauka ba ne, ciwo ne da ake magani, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da ku suna da sashen da ke duba shi.

Ke ma akwai naki. Ki je ki zauna da shi ba don kai abinci ko tambayar magani ba, ki kawo zancen Inna da kanki. Sau da yawa 'ya'ya na gudun ambaton mamaciya don kada su tayar wa uba da hankali, shi kuma yana nan yana jiran wanda zai ambace ta. Ki tambaye shi yadda aka yi aurensu, ko garin da aka fara tura shi koyarwa suka tafi tare. In ya yi hawaye kada ki yi saurin cewa ya yi haƙuri, ki bar shi ya gama.

Kafin ranar ganin likita ta biyu, ku samu littafin rubutu, mai kwana da shi ya riƙa rubuta lokacin kwanciya, sau nawa ya tashi, yaushe ya yi barcin rana, yaushe ya ci goron ƙarshe. Mako biyu na wannan rubutun zai nuna wa likita abin da tambayar minti biyar ba za ta nuna ba. Ku sani kuma cewa idan aka fara rage Valium, barcin zai ƙara lalacewa na wasu darare kafin ya gyaru. Haka jiki ke yi in ana janye masa abin da ya saba da shi, ba alamar cewa Baba ba zai iya rayuwa ba tare da ƙwayar ba ce. A waɗannan dararen ne zai matsa a sayo masa, kuma a nan ne nake so ke da Yayanku ku zama baki ɗaya: ba komawa kemis, in abin ya yi tsanani a koma wurin likitan ya sassauta ragin. Gyaran kan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu kafin a ga bambanci sosai. Allah ya ba shi lafiya, ya yi muku albarka.